Ƙubbar Yaya Almu

Kin kunna abin? To matso da wayar kusa, Umaima, muryata ba ta kai ta da ba. Kin ce a makarantarku an ce kowa ya kawo labarin wani mai sana'a na garinsu. Ni dai ban san manyan mutane ba, 'yar nan. Wanda na sani shi ne yayana, Almu, wanda duk unguwarmu ta Iku ake ce wa Almu Mai Takarda. Kin same shi da rai, amma lokacin kuna Minna, sai da salla ake kawo ku, kuma ya riga ya tsufa, hannu na rawa. Ba ki ga komai ba.

Uwarmu ɗaya ubanmu ɗaya, shi ne babba, ni ce auta. A nan aka haife mu, tun garin nan ana ce masa Abuja, kafin gwamnati ta karɓi sunan ta kai can inda ubanki ke zuwa aiki, mu aka ce mana Suleja. Babanmu manomi ne, doya da dawa, can bakin rafi. Duk inda kike ganin gidajen hayan nan a jere, gonaki ne da. Yaya Almu kuwa noma bai karɓe shi ba. Ba rago ba ne, a'a, hannunsa ne ba ya iya zama. Za a tura shi korar tsuntsaye, a je a tarar da shi a gindin ɗorawa ya ɓare kara ya haɗa mota har da ƙafafu, tsuntsaye kuwa sun ci sun ƙoshi. Baba ya yi faɗa har ya gaji.

Da aka fara ginin Abuja, ai garin nan ya cika ya batse. Tireloli ba tsayawa, duk siminti. Mutane daga ko'ina, yaren da kika taɓa ji da wanda ba ki taɓa ji ba. Yaya ya shiga leburanci, sauke siminti. Ranar farko da ya dawo, Inna na tsakar gida tana tankaɗe, ta ɗaga kai ta ga wani farin abu ya shigo, ta saki rariya ta yi ɗaki tana salati. Shi ne fa. Ido kawai ake gani.

Bai daɗe ba bayansa ya ƙi. Sai ya koma tsintar buhunan da aka zazzage. Ke ba ki san buhun siminti na da ba. Ba wannan na leda ba ne, takarda ce, mai kauri, ruwan ƙasa, ninki a kan ninki. Ta waje ta yi datti, ta ciki ta sha siminti, amma ta tsakiya tas take. Ita yake ɓarewa, ya yayyanka, ya kai wa masu tsire da masu ƙosai. Tsiren da aka naɗe a wannan takardar, wallahi ɗanɗanonsa daban ne. Da wannan sana'ar ya yi aure, da ita ya rufa wa kansa asiri shekara da shekaru.

Amma ba ita ce ta sa aka san shi ba.

Wata rana a wurin gini, ana hutun cin abinci, ya ga wani baƙo zaune a inuwar tirela. Mu dai ɗan Chana muke cewa, ko can ne ƙasarsu ko ba can ba, oho. Makanike ne. Yana ta ninke takardun kwalin taba ƙanana-ƙanana, yana soka wannan cikin wancan, sai ga agwagwa ta fito, da wuya da fiffike, tana zaune daram a kan gwiwarsa. Yaya ya manta da abincinsa. Ba mai jin yaren wani. Mutumin ya ga ya ƙura ido, sai ya yi dariya, ya zare ƙwaya ɗaya daga wutsiyar agwagwar ya miƙa masa. Shi ke nan karatun, ba ƙari. Bai ma sake ganin mutumin ba, an ɗauke su an kai wani wurin.

A cikin hula ya kawo ta gida. Ya zauna a zaure ya warware ta a hankali, ya dubi layin ninkin, ya mayar, ya warware, ya mayar, har ta yage a hannunsa. Lokacin kuwa ta riga ta shiga yatsunsa.

Miƙo min waccan takardar in nuna miki. A'a, ba littafinki ba, kada uwarki ta ce na cinye miki karatu. Waccan, ta kalandar bara. Kin gani, ki ninke ta a tsaye, ki sake ninkewa, ki karyo wannan gefen, ki karyo wancan, ki juya, ki tura bakin ciki-ciki. Ki danne da farce. Me ya yi kama? Kunnen akuya, ko ba haka ba? Haka yake ce masa. Kowane kunne yana da ƙafa biyu da aljihu biyu. Ƙafar wannan ta shiga aljihun wancan, ƙafar wancan ta shiga aljihun na gaba. Ba gam, ba zare, ba allura. Ɗaya shi kaɗai, ko yaro ya gan shi a ƙasa ba zai tsinta ba. Amma in suka yi yawa suka rirriƙe juna, ki ɗora kwano a kai ba zai faɗi ba.

Da tulu ya fara. Sai kwando, sai fitila. Sannan ya yi wani zakara, ya shafa masa jar galura a zanko, ya ajiye a tsakar gida. Zakaran Inna ya zo ya zagaya shi, ya yi cara, ya ga ba a tanka masa ba, sai ya hau shi da sara. Muna dariya har da hawaye, Yaya na bin kunnuwa ɗaya-ɗaya yana tsinta. Bayan nan liman ya ja shi gefe ya ce ya bar yin masu rai. Bai yi musu ba.

A shekarar ne Malam Abdulƙadir ya zo. Kin san shi, mai Islamiyyar bayan masallaci, wanda yanzu gemu ya yi fari fat. Lokacin saurayi ne siriri, sabon malami. Ya ce, "Yaya Almu, zagayen Maulidi ya matso. Kowace makaranta tana fita da tutoci da kayan ado, mu ba mu da komai sai ƙarfin murya. Ko za ka yi mana wani abu?" Yaya ya sosa ƙeya, ya ce zai gani.

Ƙubba ya yi, irin koriyar nan ta masallacin Madina da ake gani a hoton da alhazai ke kawowa. Ya rina takardun da koriyar galura, ya shanya a igiya, gidan duk ya yi kore, har awakinmu. Girmanta, in ta zauna a ƙasa ta kawo miki ƙirji, babba bai iya rungume ta. A samanta ya yi 'yar tulluwa mai tsini, da jinjirin wata a kai. Aka ɗora ta a kan tsohon ƙyaure, samari suka ɗauka a kafaɗa, yara na biye da fararen kaya suna rera bege. Umaima, ranar mutane sun bar nasu layin sun biyo namu. Daga baya har daga Chaza da Izom ake zuwa, a ce bari mu je mu ga ƙubbar Almu ta bana.

Kuma ba ta taɓa fita iri ɗaya ba. Wata shekara ya bar wasu kunnuwan ba rini, ya jera su suna hawa suna sauka kamar aikin hula. Wata shekara ya yi mata ɗamara a tsakiya, wata kuma ya yi ta kamar saƙar faifai. Wancan lokacin hanyar ba kwalta, ba wannan cunkoson babura, tun daga nesa kike hango ta tana tafe a saman kawunan mutane. Mu kuma mun tashi tun asuba mun dafa shinkafa da wake a manyan tukwane, duk yaron da ya dawo zagaye sai ya ci.

Mutum ɗaya bai iya ninke kunnuwan ƙubba, sun yi yawa. Mu mata mu ke yi. Ni gidan aurena katanga ɗaya ta raba shi da gidanmu, saboda haka kullum ina nan. Da watan Safar ya kama, in an yi la'asar, sai a shimfiɗa tabarma a gindin mangwaron tsakar gida. Ni, da matarsa Sa'ida, da Kemi, Bayarabiyar nan mai haya a ɗakin ƙofa, wadda kuke ce wa Maman Segun. Ita sayen takardar ƙosai ya kawo ta, ta ga ana yi, ta zauna, har yau ba ta tashi ba. Coci take zuwa, amma ba ta taɓa fashin ninki ba. Ba ta ce masa Malam, Baba Fefa take ce masa, wai fefa ita ce takarda da Turanci. Zai yanka mana takardu kashi-kashi, manya, matsakaita, da 'yan mitsi-mitsi. Ba mu taɓa tambayar dalili ba. Mu dai a ba mu, mu ninke, mu jefa a ƙwarya, bakinmu na aiki.

Sai ya zo ya sa hannu a ƙwaryar, ko dubawa ba ya yi, ya laluba ya ɗauko ɗaya.

"Wannan na Maman Segun ne. Ƙamshin mai yake."

"Baba Fefa, ka gode Allah, kyauta na sa maka mai!"

Ya ɗauko wani. "Wannan kuma na Fatsuma ne. An yi shi ana gulma, duba yadda bakinsa ya buɗe."

In ce, "Yaya, in ba ka so ka kawo abina."

"Ina so mana. A baya zan sa shi, inda ba a gani."

Na Sa'ida kuwa bai taɓa cewa komai a kai ba. Ita tana da wata 'yar lanƙwasa da take yi wa bakin nata, ko a ina aka gani an san hannunta ne. Ni da Kemi mun lura yana tsince su yana ajiyewa gefe, sai ya zo tulluwa ya sa. Ita ba ta sani ba, mu kuma ba mu gaya mata ba.

Haɗawa shi kaɗai yake yi, a zaure. Ba wai ɓoyewa yake ba, ƙofa a buɗe take. Mu ne ba mu taɓa tsayawa mun kalla ba. Ga girki, ga yara, ga hira. Kuma gani muke kamar kullum yana nan.

Abu ɗaya ne yake haɗa shi faɗa da Sa'ida, kowace shekara kuwa. Washegarin zagaye, da hantsi, zai shimfiɗa tabarma, ya cire tulluwa, ya bi ƙubbar nan layi-layi yana zarewa, har ta koma kunnuwa. Ya jera su a akwatin ƙarfe, ya barbaɗa busasshen ganyen dogon yaro saboda ƙwari, ya rufe.

Sa'ida ta tsaya a kansa, hannu a ƙugu. "Malam, wai kai wane irin mutum ne? Abin da aka sha wahala aka yi, ko mako ba za ka bari mu kalla ba?"

"Ai kin kalla jiya."

"A bar ta a ɗaki mana, baƙi su zo su gani."

"Takarda ba ta son doguwar tsayuwa, Sa'ida. Gwamma ta kwanta ta huta. Kuma in ban warware ba, baɗi me zan yi?"

Ki gane, Allah bai bar musu haihuwa ba. Ta haifa, ba su tsaya ba. Ban taɓa jin ta faɗa da bakinta ba, amma ni na san abin da ya sa take son wani abu nasu ya zauna a gidan, a tsaye, ana gani.

Ana nan, sai buhun siminti ya canza, aka koma na leda. Masu tsire suka koma jarida. Sana'ar Yaya ta mutu, ya koma zaman zaure yana sayar da 'yar ashana da sabulu. Kunnuwan akwati suka zama dukiya. Kowace shekara wasu su yage, ba sababbi, ƙubba tana ƙanƙancewa a hankali kamar mai ita. Ninkinmu ya koma gyara, wanda ya saki a sake danne shi. Segun, da ya girma ya fara tuƙa keke mai ƙafa uku, ya taɓa kawo masa fostocin 'yan siyasa, ya ce ga takarda kyauta. Yaya ya murza ɗaya a yatsa ya ce, "Kai, mayar. Santsi gare ta kamar bakin masu ita."

Shekararsa ta ƙarshe da ƙyar ya haɗa ta. Zai nufi aljihu da ƙafa, hannu ya kauce. Ya huta, ya sake. Amma ta fita zagaye, ya zauna a kan benci a ƙofar gida ya ga wucewarta. Washegari ya shimfiɗa tabarma kamar kullum, ya cire tulluwa, ya sa a akwati. Ya miƙa hannu zai zare layin farko, sai ya ce jiri yake ji, a kai shi ɗaki. Bai sake fitowa da ƙafarsa ba.

Ina gefensa wata rana, Sa'ida na ba shi kunu a cokali, ya ce, "Ku dai kada yaran nan su fita babu ita." Muka ce in Allah ya yarda kai za ka haɗa musu. Ya ce, "Ni dai na gaya muku." Kafin watan ya fita aka kai shi makwancinsa. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta.

To ga ƙubba a tsaye a zaure, ga maganar da ya bari, ga shi ba mai iya haɗawa. Kowa ya ce kada a kuskura a taɓa ta, in aka warware shi ke nan. Sa'ida na fita takaba ta ce ita ta san abin yi. Ubanta mai wankin hula ne a bakin kasuwa, a cikin sitaci ta tashi. Ta ce hula ma da take zare, in ta sha sitaci tsayawa take ƙyam, balle takarda. Duk muka ce wannan dabara ce, har Malam Abdulƙadir. Ta dama sitacin rogo mai kauri, ta samo gashin kaza, ta bi kunnuwan nan ɗaya bayan ɗaya tana shafawa, ta shanya, ta sake shafawa. Abin ya yi kyau fa! Ta yi ƙyalli, ta sandare, in kika ƙwanƙwasa har ƙara take kamar ƙwarya. Aka kai ta ɗakin Yaya, aka ajiye a ƙasa jikin bango, aka lulluɓe da zanen gado. Sa'ida ta sa kwaɗo ta rufe, don kada yaran masu haya su shiga. Ita kanta ba ta son leƙa ɗakin, zuciyarta ba ta ɗauka.

Hula kuwa ai sawa ake yi, a fita rana da ita, a dawo a rataye. Ba wanda ya tuna da wannan. Kuma sitaci abinci ne. Ga daminar Suleja, kin san ta, bango ma gumi yake yi.

Da Maulidi ya matso, Malam Abdulƙadir ya zo a fito da ita a kakkaɓe. Sa'ida ta buɗe kwaɗo. Wani warin rima ya bugo mu. Zanen yana nan a tsaye da siffar ƙubba, har na ce alhamdu lillahi. Ta ja zanen. Kyankyasai suka watse ko'ina. Gara ta biyo bango ta hau, ta yi gininta na jar ƙasa a kai, ta cinye cikin tas. Malam Abdulƙadir ya sa ɗan yatsa ya taɓa, sai ƙubbar ta zube, ta koma gari.

Sa'ida ba ta yi kuka ba. Ta sulale ta zauna a ƙasa, ta ɗebo garin a hannu tana kallo. Ta ce, "Yau ne Malam ya rasu." Can kuma ta ce, "Abu ɗaya fa ya roƙe ni."

Malam Abdulƙadir mutumin kirki ne. Ya ce, "Yaya Sa'ida, kada ki sa wa ranki damuwa. Akwai hotonta a wayar yara. Sai a kai wa masu buga hoto su buga mana shi babba a kan yadi, a ɗaura a gora a fita da shi." Ta ce to, a hankali, ba ta ɗago ba.

Kemi ce ta ƙi. Ta ce, "Hoto? Baba Fefa bai ce hoto ba. Hannun wa ya ninke kunnen nan duk shekarun nan? Ba namu ba ne? Fatsuma, buɗe akwati mu ga ko akwai saura."

Muka buɗe. Ba saura, duk ya sa su a jikinta. Sai abu ɗaya a kwance cikin ganyen dogon yaro, tulluwar nan da ya cire da hannunsa. Ba ta sha sitaci ba, ko ƙwarzane babu.

Takarda kuma, shekarar zaɓe ce, an gama. Segun ya je ya ciko kekensa da fostocin wani da ya faɗi, sababbi fil, ko manna su ba a yi ba. Kemi ta ce, "Ko bai ci ba, a wurinmu ya yi amfani." Muka gane in aka juya fuskar ciki, bayan ba shi da santsi sosai, kuma yana kama galura. Haka muka yi ta ninke bawan Allahn nan, hancinsa ciki, hularsa ciki, murmushinsa ciki. Matan haya suka fito suka taya mu, wata 'yar Sakkwato, wata 'yar Kano da mijinta ke aiki a Abuja, waɗanda ko sanin Yaya ba su yi ba. Ninki bai ba mu wuya ba, yatsu sun sani.

Haɗawa ce aiki. Na farko da muka yi ya tafi sama sak kamar rumbu, ya ƙi rufewa. Na biyu ya baje kamar faifai. Kemi ta kwanta a tabarma tana dariya, "Baba Fefa, zo ka ga ɗalibanka!" Sa'ida ba ta dariya. Kwanaki na tafiya, muna jin yara a bayan masallaci suna ta bitar bege.

Na ce, "Sa'ida, sai fa mun warware tulluwar nan mun ga yadda ya yi."

Ta rungume ta a ƙirji. "Ita kaɗai ta rage min, Fatsuma. Na lalata babba, yanzu ki ce in lalata ƙarama?"

"Shi ma da aka ba shi ƙwaya ɗaya, ai warwarewa ya yi."

Ta yi ta shafa ta da tafin hannu. Can ta ajiye ta a tsakiyar tabarma, ta ce, "Ni zan zare. Ku ku sa ido. Wadda ta yi surutu ta tashi." Ni take nufi.

Ta zare layin sama, muka duba. Ta zare na biye. Sai ga abin a fili, Umaima, abin da yake yi a zaure ƙofa a buɗe. Kowane layi in ana hawa, kunnuwansa sun fi na ƙasa ƙanƙanta. Ashe dalilin manya da matsakaita da 'yan mitsi-mitsi ke nan. Kuma nan da can sai ya cusa ƙafa biyu a aljihu ɗaya, ya rage yawan layin, shi ke sa bakin ya riƙa tsukewa a hankali har ya rufe. Sa'ida tana zarewa tana jujjuya kunnuwan a hannu. Sai ta tsaya. Ta ɗauki wannan ta duba bakinsa, ta ɗauki wancan. Ta ce, "Duk nawa ne." Na ce, "Sai yau kika sani?" Nan ne ta yi kukan da ba ta yi ba ranar da aka buɗe ɗaki.

Muka mayar da tulluwa yadda take, muka koma kan babba. Wannan karon ta rufe, amma ta karkace gefe ɗaya, kamar hular saurayi ranar salla. Muka yi, muka yi, ta ƙi miƙewa, lokaci kuma ya ƙure. Sa'ida ta ɗora tulluwar Yaya a sama. Ƙasa kore shar, sabuwar galura, sama ta koɗe ta yi fari-fari. Ta ce a bar ta haka.

Ranar zagaye hadari ya haɗo tun safe, muna ta addu'ar kada ruwa ya jiƙa ta, amma Allah ya riƙe shi sai yamma. Muka tsaya a ƙofar gida, inda bencinsa yake. Ga su nan tafe, a kan tsohon ƙyauren nan dai, tana rangaji. Akwai wani tsoho, Bamalli mai tsire, abokin Yaya ne tun suna samari, kowace shekara sai ya tsokane shi. Ido ya yi masa rauni, mantuwa ma ta fara kama shi. Yana zaune a bakin hanya, ya hango ta, ya ɗaga sanda ya ƙwala kira, "Kai Almu! Bana ta karkace! Tsufa ya kama ka!"

Mu da ke kusa muka dubi juna. Sai ya tuna, ya sa hannu ya rufe baki.

Sa'ida ta ɗaga murya daga cikin hijabi, ita da ba a taɓa jin muryarta a waje ba, ta ce, "Malam Bamalli, ka bari sai baɗi, za ta miƙe!" Jama'a suka fashe da dariya, yara suka ƙara ƙarfin bege, ƙubba ta wuce.

Washegari da hantsi na leƙo ta katanga, sai na ga an shimfiɗa tabarma a gindin mangwaro. Sa'ida ta cire tulluwa ta sa a akwati, tana bin layi tana zarewa. Malam Abdulƙadir ya yi sallama ya shigo yi mana godiya, ya tsaya turus. "Yaya Sa'ida! Bayan duk wannan wahalar?" Ko ɗagowa ba ta yi ba. Ta ce, "Malam, in ban warware ba, baɗi me za mu yi? Ke Fatsuma, kina tsaye kina kallo, zagayo ki ɗebo min ganyen dogon yaro."

Ba ta miƙe ba fa har yau, kada ki je ki faɗi ƙarya a makaranta. Bara ma ta ɗan karkace, sai dai ba kamar ta farko ba. Bamalli ya rasu bai ga ta miƙe ba. Mu ga naki da kike ta murzawa tun ɗazu. Kai, 'yar nan, bakinsa a buɗe kamar nawa. Danne da farce. Yauwa. Jefa shi a ƙwaryar can, Safar ya kusa kamawa. A baya za mu sa shi.